Malam da Kwamfuta: Dabarun da Za Su Rage Wahalar Ƙarshen Zango

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce domin waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauraron murya ba, da kuma masu son su ajiye su riƙa dubawa.

Yau da malaman makaranta za mu yi magana, a kan ƙananan dabarun kwamfuta da suke rage wahala. In kai ba malami ba ne, kada ka wuce tukuna. Da wuya a ce a gidanku ko a layinku babu mai koyarwa, ko mama, ko yaya, ko ƙanwa da ta gama NCE. Kai ma da kake jami'a, in aka tura ka bautar ƙasa akwai yiwuwar a aji za ka tsinci kanka.

Bari mu fara da ɗan lissafi. A ce kai ne fom masta na aji mai ɗalibai 60, darussa 9 suke yi, kowane darasi akwai gwaji biyu da jarrabawa ɗaya. Maki nawa ke nan za su bi ta hannunka? 1,620. Za a tara su, a fitar da jimla, a fitar da na ɗaya har zuwa na sittin, a kwafe a takardar sakamako, duk a cikin 'yan kwanaki, ga shugaban makaranta yana ta aike a kawo. Mutum ne fa yake wannan aikin, da kalkuleta, da daddare, ga gajiya. Lamba ɗaya ta zame masa, yarinyar da ta zo ta uku ta koma ta takwas. A wurin malam kuskuren biro ne. A wurin yarinyar kuwa kyautar da ta rasa ce, da faɗan da za ta sha a gida kan laifin da ba nata ba.

Wannan shi ne dalilin shirin yau. Ba sai malami ya zama injiniya ba. 'Yan maɓallai da 'yan ɗabi'u kaɗan sun isa su dawo masa da awanninsa, su kuma kare haƙƙin yaran da ke hannunsa. Sannan zamanin ma ba ya jira: tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, a 2024 WAEC ta fara yi wa masu rubutawa daga waje a kwamfuta, ita kanta jarrabawar TRCN ta samun lasisin koyarwa a kwamfuta ake zana ta. Malamin da yake tsoron kibod, yaya zai cire wa ɗalibinsa tsoron?

Abu ɗaya kafin mu shiga. In na ce Ctrl+S, nufina ka danne maɓallin Ctrl, yana can ƙasa ta hagu, kana riƙe da shi ka taɓa S sau ɗaya, sai ka saki. Ba a danna alamar tarawar. Kuma bayanin duk a kan Windows ne da Word da Excel, tunda su aka fi samu a makarantunmu.

NA FARKO: KADA AIKI YA SALWANTA

Duk wanda ya san halin wutarmu ya san me ya sa da Ctrl+S za mu fara. Shi ne yake adana aiki. Dalilin kuwa, abin da kake bugawa yana zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, wadda take mance komai da zarar wuta ta yanke. Sai ka adana sannan yake sauka a ma'ajiyar dindindin. Saboda haka kada ka jira sai ka gama. Da ka buɗe sabon fayil, kafin ka rubuta ko da kalma ɗaya, ka ba shi suna ka adana. Daga nan duk tambaya biyu ko uku, Ctrl+S. Ya zame maka jiki kamar gyara zaman hula.

Sunan ma da hikima. Wallahi za ka buɗe kwamfutar ofishin malamai ka tarar da Document1, Document2, sabo, sabo na ƙarshe, sabo na ƙarshe na gaske. Ranar da ake nema kowa ya rasa wanne ne wanne. Sa suna mai magana: JSS2 Lissafi Zango na 1 2025. In kana so ka sake wa fayil suna, danna shi sau ɗaya ka taɓa F2. In kuma kana so ka ɗauki takardar bara ka gyara ta zama ta bana ba tare da ka ɓata ta baran ba, buɗe ta ka danna F12 ka ba ta sabon suna tun kafin ka taɓa komai.

To in wuta ta ɗauke ba ka adana ba fa? Kada ka fid da rai. Word yana ajiye kwafin ko-ta-kwana duk bayan minti 10. In ka sake buɗe shi, sau da yawa zai nuna maka fayil ɗin ta gefen hagu. In bai nuna ba, shiga File, sai Info, sai Manage Document, sai Recover Unsaved Documents. Kuma tun yau ka shiga File, Options, Save, ka rage minti 10 ɗin nan ya koma 2 ko 3.

Sai Ctrl+Z, maganin tsoro. Ka goge abu bisa kuskure, ko rubutun ya hargitse ba ka san me ka taɓa ba, danna Ctrl+Z ya mayar da kai baya taki ɗaya. Ka ƙara dannawa ya ƙara ja baya. In ka wuce gona da iri, Ctrl+Y ya dawo da kai gaba. Yawancin manyanmu da suke gudun kwamfuta tsoron ɓata abu ne yake hana su. Ranar da mutum ya gane akwai hanyar komawa, ranar hannunsa yake sakewa.

Abu na ƙarshe a nan: duk fayil mai muhimmanci ya zauna a wuri uku. A kwamfuta, a filash, sannan a intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da 15GB kyauta a Google Drive, kuma takardun rubutu ba su da nauyi. Ko ka tura wa kanka ta imel ma ya wadatar. Kwamfuta tana lalacewa, ana sace ta, filash yana faɗuwa a adaidaita sahu. Rigakafi dai ya fi magani.

NA BIYU: BUGA TAMBAYOYI DA TSARIN DARASI

Ukun da kowa ya kamata ya sani: Ctrl+C ya kwafa, Ctrl+X ya yanke, Ctrl+V ya manna. Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Larry Tesler, shi ake jingina wa wannan dabara tun shekarun 1970 lokacin yana aiki a kamfanin Xerox, kuma har yau ba a samu abin da ya fi ta rage wahala ba. Ctrl+A kuma yana zaɓar komai da ke cikin takardar a lokaci guda.

Ga wanda mutane da yawa ba su sani ba: maɓallin Windows, wato mai hoton taga, tare da V. A Windows 10 da 11, in ka kunna shi sau ɗaya, zai riƙa tuna abubuwa da dama da ka kwafa, ba na ƙarshe kaɗai ba. Sunan makaranta, umarnin jarrabawa, jerin A, B, C, D, duk suna nan sai ka zaɓa.

Ctrl+F yana nemo kalma a cikin takarda komai tsawonta. Ɗan'uwansa Ctrl+H yana nemowa ya musanya. A ce a tsarin darasinka ka rubuta 2024 a wuri 30 kana so ya koma 2025. Danna Ctrl+H, sa tsohon a gidan sama, sabon a gidan ƙasa, danna Replace All. Shi ke nan, an gama. Sai dai a kula, in kalmar gajera ce tana iya taɓa wasu kalmomin da take cikinsu, don haka ka duba bayan ka musanya.

An turo maka sunayen ɗalibai duk da ƙananan haruffa, ofis kuma sun ce da manya suke so? Kada ka sake bugawa. Zaɓi sunayen ka danna Shift+F3. Kowane dannawa yana juya su: duka manya, duka ƙanana, ko harafin farko kaɗai babba.

In kana so sashe na biyu ya fara a sabon shafi, daina danna Enter sau ashirin. Da ka ƙara layi ɗaya a sama komai zai goce. Ctrl+Enter ne aikin, yana tsallaka da kai sabon shafi kuma ya zauna daram. Haka lambar tambayoyi: bar Word ya riƙa sa 1, 2, 3 da kansa ta Numbering, yadda in ka cire tambaya ta 7, sauran za su gyara kansu.

Malaman kimiyya da lissafi, ga naku. Domin ƙaramar lambar ƙasa irin ta H₂O, zaɓi lambar ka danna Ctrl da alamar daidai. Domin ta sama irin ta x², Ctrl da Shift da alamar tarawa. In Word ɗinka sabon fitowa ne bai amsa ba, duba ƙarƙashin Home za ka ga X₂ da X² a jere. In kuma cikakken lissafi ne mai sama da ƙasa, Alt da alamar daidai zai buɗe maka gidan rubuta shi.

Tattalin takarda kuwa, tambayoyin zaɓi gajeru ne, rabin shafi yana tafiya a banza. Shiga Layout, Columns, zaɓi Two, sai Margins ka zaɓi Narrow. Abin da ya ci shafi huɗu yana iya komawa uku ko ƙasa da haka. Ka ninka wannan sau yawan ɗalibai, ka ga kuɗin hoton takarda da aka rage wa makaranta.

Yanzu malaman Hausa, ku matso. Baki daban, baƙi daban. Bari daban, ɓari daban. Bai dace takardar jarrabawar Hausa ta fito babu haruffa masu lanƙwasa ba, alhali a kansu muke rage wa yara maki. A Word kowane harafi yana da lambarsa: ka buga lambar, nan take ka danna Alt+X, sai ta rikiɗe. Ga su: ƙ ita ce 0199, Ƙ 0198, ɗ 0257, Ɗ 018A, ɓ 0253, Ɓ 0181. Alamar naira ₦ kuma 20A6. Amma akwai tarko: in harafin da ya gabaci lambar yana tsakanin a da f, kamar a kalmar baƙi, Word zai ɗauka shi ma cikin lambar yake, sai abin ya ƙi. Maganinsa ka zaɓi lambar kaɗai sannan ka danna Alt+X.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka yi wahalar sau ɗaya. Shiga Insert, Symbol, More Symbols, nemo ƙ, danna Shortcut Key, ka ba ta Alt+K, ka danna Assign. Ka yi wa ɗ Alt+D, ɓ kuma Alt+B. Daga ranar an wuce wurin. In harafin ya fito kamar ɗan akwati, salon rubutun ne bai san shi ba, koma Arial ko Times New Roman.

NA UKU: HAƊA SAKAMAKO DA EXCEL

Nan ne asalin inda ake samun sauƙi. Mutane suna ganin Excel da gidaje-gidaje sai gabansu ya faɗi, alhali rajistar maki ce kawai wadda ta iya lissafi. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C. Na kwance suna da lambobi. Kowane gida sunansa harafi da lamba, kamar B2.

Mu tsara tare. A layin farko rubuta kanu: A suna, B gwaji na 1, C gwaji na 2, D jarrabawa, E jimla, F matsayi. Ɗalibai 60 za su kama daga layi na 2 zuwa na 61. A gidan E2 rubuta wannan:

=SUM(B2:D2)

Danna Enter, jimlar ɗalibi na farko ta fito. Kowace fomula da alamar daidai take farawa, ita take gaya wa Excel cewa lissafi ne ba rubutu ba. Yanzu koma kan E2, za ka ga ɗan ɗigo a kusurwar ƙasa ta dama. Danna shi sau biyu da sauri. Jimlar yara 60 ta sauka kafin ka ƙifta ido. In daga baya malamin darasi ya zo ya ce makin wance 14 ne ba 11 ba, gyara gidan kawai, jimlar ta gyara kanta.

Matsayi, wanda shi ne ya fi cin rai, a F2 rubuta:

=RANK(E2,$E$2:$E$61,0)

Ma'anarsa: duba jimlar wannan yaro, ka gwada ta da ta kowa daga E2 zuwa E61, mai maki mafi yawa shi ne na ɗaya. Alamar dala ɗin nan ba ado ba ce. Ita take ƙulle jerin ya tsaya wuri ɗaya. In babu ita, yayin da fomular take sauka jerin ma zai riƙa zamewa ƙasa, sai a gwada yaran ƙasa da rabin aji kawai, matsayi ya fito a karkace kuma babu abin da zai nuna maka. Ba sai ka buga dalar da hannu ba, zaɓi E2:E61 a cikin fomular ka danna F4. Sannan ka sani, in yara biyu suka yi kunnen doki a na uku, dukkansu na uku za a ba su, mai bi musu ya zama na biyar. Ba kuskure ba ne, haka tsarin yake.

Matsakaicin makin aji: =AVERAGE(E2:E61). Yawan waɗanda suka samu 50 zuwa sama: =COUNTIF(E2:E61,">=50"). In kuma kana so ya rubuta hukunci, a ce 40 ne makin tsira a makarantarku: =IF(E2>=40,"Ya ci","Ya faɗi"). Da wannan IF ɗin ake jera matakai irin na WAEC, daga A1 mai farawa a 75 har zuwa F9 na ƙasa da 40, amma fara da mai sauƙin tukuna.

To ga tarkuna huɗu, a buɗe kunne.

Na ɗaya shi ne mafi haɗari. In za ka jera sunaye daga A zuwa Z, ko maki daga babba zuwa ƙarami, kada ka zaɓi layin tsaye ɗaya ka jera shi shi kaɗai. Sunaye za su motsa, maki su tsaya inda suke, makin Audu ya koma kan Binta. In Excel ya tambaye ka, zaɓi Expand the selection, yadda kowa zai tafi da makinsa.

Na biyu, sifili da gidan da babu komai ba ɗaya ba ne. AVERAGE yana ƙirga sifili amma yana tsallake gidan da aka bari fayau. Yaron da bai zo jarrabawa ba saboda rashin lafiya daban, wanda ya zauna ya ci sifili daban. Ku yi matsaya a makaranta kan yadda za a rubuta kowanne, kowa ya bi.

Na uku, zamewar yatsa. Kana son 17 ka buga 71 a gwajin da makinsa 20 ne. Zaɓi layin, shiga Data, Data Validation, ka ce lamba tsakanin 0 da 20 kaɗai za a karɓa. Duk abin da ya haura zai ƙi shiga.

Na huɗu, lambar wayar iyaye. Ka buga 080 sai sifilin farko ya ɓace, domin Excel ya ɗauke ta lambar lissafi. Sa ɗan waƙafin sama ' kafin lambar, za ta zauna cif.

Ƙarin biyu: in ka ga ##### a gida, babu abin da ya lalace, gidan ne ya yi ƙunci, faɗaɗa shi. In kuma kana sauka ƙasa kanun suna ɓacewa har ka rasa wane layi ne na me, shiga View, Freeze Panes, Freeze Top Row.

In hannunka ya faɗa, akwai Mail Merge a Word ƙarƙashin Mailings. Za ka tsara takardar sakamako guda ɗaya, ka haɗa ta da wannan Excel ɗin, ya fitar maka da 60, kowacce da sunan mai ita da makinsa. Wannan shiri guda ne, za mu ware masa rana.

Amma fa a riƙe wannan: kwamfuta ba ta san gaskiya ba, abin da aka ba ta take tarawa. Bayan ka gama, ɗauki yara biyar ka gwada makinsu da ainihin takardunsu. In ma da hali, wani ya karanto kai kana dubawa.

NA HUƊU: A CIKIN AJI

In makarantarku tana da majigi, ka jona amma bango bai nuna komai ba, danna Windows+P ka zaɓi Duplicate. A PowerPoint, F5 yana fara nuni daga farko, Shift+F5 daga shafin da kake. Kana cikin bayani ka ga yara sun bar ka suna kallon hoto? Taɓa B, allon ya yi baƙi, hankalinsu ya dawo kanka. Sake taɓawa ya dawo. Kana son tsallakawa shafi na 12, buga 12 ka danna Enter.

Alt+Tab yana kai ka daga wannan manhaja zuwa waccan ba tare da lalube ba. Windows+Shift+S yana ba ka damar yanko hoton wani yanki na allo, a ce taswira ko zanen zuciya, ka manna a takardarka da Ctrl+V. Ka rufe shafin intanet bisa kuskure, Ctrl+Shift+T ya dawo da shi. Kwamfuta ta sandare, Ctrl+Shift+Esc zai nuna maka manhajar da ta maƙale ka rufe ta. Masu laftof, in kun danna F2 ko F5 kuka ga sauti ko haske ne yake canzawa, ku haɗa da maɓallin Fn.

NA BIYAR: SIRRI, FILASH DA DATA

Tambayoyin jarrabawa amana ce. Sau da yawa in suka fita ba wani gwanin kutse ba ne, malam ne ya tashi shan ruwa ya bar allo a buɗe. Sa wa kwamfutarka kalmar sirri, kuma duk lokacin da za ka tashi, Windows+L, ta kulle. Shi kansa fayil ɗin kana iya kulle shi: File, Info, Protect Document, Encrypt with Password. Sai dai in ka manta kalmar, Word ba shi da hanyar tuna maka, don haka ka adana ta inda ya dace.

In za ka kai bugu shago, mayar da takardar PDF tukuna: F12, a wurin nau'in fayil zaɓi PDF. Ta haka tsarinka ba zai wargaje a kwamfutarsu ba, haruffan Hausa ma ba za su koma akwatuna ba. Ka tsaya a buga a gabanka. In an kwafe fayil ɗin a kwamfutarsu, a goge shi da Shift+Delete, domin Delete kaɗai kwandon shara yake kai shi, kowa yana iya ɗaukowa. In ka buɗe imel ko WhatsApp a can, tabbatar ka fita kafin ka tashi. Sunayen yara, makinsu da lambobin iyayensu ma ba abin watsawa a kowane guruf ba ne, tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane.

Sai bairos ɗin nan na filash da ya addabi kowa: ka dawo daga shago ka ga foldojinka sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya, fayiloli sun ɓace. Kada ka danna su, kuma kada ka yi gaggawar wanke filash ɗin. Galibi fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. A fara bincike filash ɗin da manhajar kashe bairos, Windows Security da ke cikin kwamfutar ma tana yi, sannan wanda ya saba ya buɗe ɓoyayyun fayilolin a kwashe su.

Data kuma, in ka jona laftof da datar wayarka ka ga ta ƙare kamar an zuƙe, Windows ne yake sauke sabuntawa a ɓoye. Shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, danna sunan wayarka, ka kunna Metered connection. Zai rage ci sosai.

WANDA BA SHI DA KWAMFUTA FA?

Na san wani zai ce, kai kana ta lissafa maɓallai, mu makarantarmu ko kujeru ba su isa ba. Gaskiya ne, kuma ba laifin malami ba ne. Samar da kayan aiki da horarwa nauyi ne a kan masu makarantu da hukumomin ilimi, ba za mu daina faɗa ba. Amma kafin nan, wayar hannunka tana ɗaukar Excel, Google Sheets ko WPS Office, kuma fomulolin nan duk suna aiki a ciki. Da 'yar igiyar OTG kana iya jona kibod a yawancin wayoyin Android. Gboard kuma yana da Hausa da haruffanta masu lanƙwasa. Wanda ya samu kwamfuta babu Word, akwai LibreOffice, kyauta ne.

'Yan'uwanmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa, in manhajarku ta Faransanci ce akwai ɗan bambanci: SUM shi ne SOMME, AVERAGE shi ne MOYENNE, RANK shi ne RANG, IF kuma SI, sannan a cikin fomula waƙafi mai ɗigo, ake sawa a maimakon waƙafi. Aikin dai ɗaya ne.

Yaya za a riƙe duk wannan? Ba a rana ɗaya ba. Ɗauki uku a mako, rubuta su a 'yar takarda ka liƙa a gefen allo. Wannan makon Ctrl+S, Ctrl+Z da Windows+L. Mako mai zuwa ka ƙara uku. Excel kuma kada ka bari sai makon haɗa sakamako, ɗauki makin zangon da ya wuce ka gwada da shi yanzu da babu mai tsaye a kanka, ka ga ko zai yi daidai da abin da ka samu da hannu.

Mu kuma matasa da muka ɗan iya, ga namu aikin. Ka nemi malami ɗaya, ko na gidanku ko wanda ya koyar da kai, ka ba shi awa ɗaya ranar Asabar. In kun zauna, kada ka karɓe linzamin ka yi masa fafafa ka ce ka gani ai da sauƙi. Bar hannunsa a kan kibod, kai ka yi bayani, ya danna da kansa ko da zai ɗau lokaci. Kuma a yi da ladabi: Malam, a gwada danna nan. Mutumin da ya yi haƙuri da kai har ka iya rubuta sunanka ya cancanci haƙurin awa ɗaya.

Nan za mu dakata a yau. Ku tura wa duk malamin da kuka sani, musamman fom masta, kafin zango ya ƙare. A shiri na gaba za mu zauna a kan Mail Merge daki-daki, daga rajistar maki har takardar sakamako.